Jakar Duwatsu: Nazarin Yadda Gidan Su Tim Howard Ya Rayu da Lalurar Turet da Waswasi

Wajen shekarar 1989, a garin North Brunswick na jihar New Jersey a Amurka, jakar makarantar wani yaro ɗan shekara goma ta fara nauyin da ba na littattafai ba. Yana cikin tafiya sai idonsa ya faɗa kan wani dutse a bakin hanya, dutsen da bai fi 'yan'uwansa da komai ba, sai wani abu a kansa ya ce lallai sai ya ɗauka. Yakan daure ya wuce. Taku kaɗan sai hankalinsa ya tashi, ala dole ya juyo ya sunkuya ya ɗauki dutsen ya jefa a jaka, sannan ya samu sa'ida. Cikin 'yan makonni jakar ta cika da duwatsu da ciyayi da tarkacen hanya.

Yaron nan shi ne Tim Howard, golan da ma'abota gidan kallo suka sani a ragar Manchester United da ta Everton. Mutanen Ghana ma sun san shi, domin shi Asamoah Gyan ya zura wa ƙwallo a ƙarin lokaci a gasar cin kofin duniya ta 2010. Shi da kansa ya ba da labarin yarintarsa, a hirarraki da 'yan jarida da kuma a tarihin rayuwarsa da ya fitar a 2014. Dalilin da ya sa na zaɓi lamarinsa ke nan. Mafi yawan iyalan da ke da yaro mai wannan lalura rufe ƙofa suke yi, kuma bai kamata a tona asirin wanda bai yarda ba. Wannan kuwa mai ɗakin ne ya nuna wa duniya inda yake masa yoyo. Sai dai hankalina ya fi karkata ga gidan da ya tashi a ciki, musamman ga uwar da ta riƙe shi, fiye da kofunan da ya ci.

Gidan da abin ya faru

An haife shi ranar 6 ga Maris, 1979. Mahaifinsa baƙar fata ne ɗan Amurka, direban babbar mota; mahaifiyarsa kuma 'yar asalin ƙasar Hangari ce. Auren ya mutu yana ɗan shekara uku, sai uwar ta ci gaba da riƙon shi da yayansa a wani ƙaramin gidan haya, da albashi ɗaya. Kakarsa ta wajen uba mace ce mai riƙo da addinin Kirista, kuma ya sha faɗin cewa a wurinta ya ga natsuwar da ya riƙa nema daga baya. Tun yana ƙarami yaro ne mai ƙiriniya, zaman aji yana yi masa wuya. Wannan bai tayar wa kowa da hankali ba, yara irinsa suna da yawa.

Abin da ya zo yana ɗan shekara goma kuwa daban ne. Taɓe-taɓe ya fara da shi. Idan zai ratsa gida sai ya taɓa ƙarfen matakala, ya taɓa bakin ƙofa, ya taɓa makunnin wuta, ya taɓa bango, bi da bi, a kan wani tsari da shi kaɗai ya sani. Idan ya yi kuskure ko ya yi ƙoƙarin tsallake ɗaya, sai ya koma ya faro daga farko. Ko abinci na jiransa yana jin yunwa, ko fitsari ya matse shi, sai ya gama. Abin da ya fi ci masa rai, a faɗarsa, shi ne ya san abin ba shi da ma'ana. Hankalinsa na gaya masa babu abin da zai faru idan bai taɓa ba, amma sanin hakan bai hana shi taɓawa ba, sai ma ƙara masa tsoron ko ya fara zaucewa ne.

Bayan duwatsun sai jiki ya karɓa. Ya fara ƙifta ido da ƙarfi, ya fara gyaran murya ba dalili, sai yamutsa fuska, ɗaga kafaɗa, juya ƙwayar ido. Kowane ɗaya yakan fara ne da wani irin ji a wannan sashen na jiki, abin da ba ya lafawa sai an yi motsin. Ya taɓa bayyana cewa tsakanin shekara 9 zuwa 15 rayuwarsa hargitsi ce kawai: da ya fara sabawa da wata fizga, bayan wata shida ko shekara sai wata sabuwa ta maye gurbinta.

A makaranta malamai suna daka masa tsawa ya zauna lafiya, ya daina gyaran muryar nan. Yara suna dariya, suna tambayarsa me ya samu fuskarsa. A gida kuwa uwar ba ta ce komai ba, ido kawai ta zuba masa, shi ma yana jin idon a jikinsa. Da abin ya ƙi ƙarewa, yana aji shida, ta ɗauke shi ta kai shi wurin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi na yara. Nan aka ba abin suna, har guda biyu: lalurar Turet, da lalurar waswasi mai tilastawa wadda likitoci ke taƙaitawa da OCD.

Abin da sunan ya ƙunsa

Turet sunan mutum ne, Georges Gilles de la Tourette, likita Bafaranshe da ya yi aiki ƙarƙashin babban likitan jijiyoyi Charcot a asibitin Salpêtrière na birnin Faris. A 1885 ya wallafa bayanin marasa lafiya tara masu irin waɗannan alamu. Kafin likita ya ce yaro yana da Turet a yau, sai an samu fizgar jiki fiye da iri ɗaya, da aƙalla fizgar murya guda, kamar gyaran murya, shaƙar hanci, gurnani ko maimaita kalma. Sai abin ya haura shekara ɗaya, kuma ya fara kafin shekara 18. Babu gwajin jini ko hoton ƙwaƙwalwa da ke nuna ta, da labari da kallo ake ganewa. Galibi takan ɓullo wajen shekara 5 zuwa 7, ta yi tsanani tsakanin 10 da 12, sannan ta sassauta wa da yawa idan sun doshi shekara ashirin. Maza sun fi mata kamuwa da ita sau uku zuwa huɗu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka (CDC) ta ƙiyasta cewa yaro 1 cikin 162 yana da ita, wato a firamare mai ɗalibai dubu ba za a rasa biyar ko shida ba, ko da babu wanda ya san sunan abin da ke damunsu.

Tushenta yana cikin hanyoyin sadarwa tsakanin ɓawon ƙwaƙwalwa da wasu curarrun sassa da ke can ƙasanta, waɗanda aikinsu shi ne tace motsi: su bar wanda aka yi niyya ya wuce, su danne sauran. A mai Turet matatar ba ta kamawa sosai, kuma sinadarin dofamin, mai isar da saƙo a cikin ƙwaƙwalwa, yana da hannu a ciki. Gado ma yana da ƙarfi. Wani binciken tagwaye na 1985 ya gano cewa idan ɗaya daga tagwayen ƙwai ɗaya yana da Turet, a kashi 53 cikin 100 ɗayan ma yana da ita, alhali a tagwayen ƙwai biyu kashi 8 ne kawai.

Wannan batu na gado ba ƙaramin sauƙi ba ne ga uwa irin ta Howard. Bazawara mai 'ya'ya biyu da ke wuni a wurin aiki, idan ɗanta ya fara irin wannan, kanta za ta fara zargi, mutane ma ita za su kalla. Da a shekarun 1950 aka haifi yaron, da likitocin ma sun taya ta zargin kanta, domin a lokacin ra'ayin da ya yi rinjaye shi ne fizga alamar rikicin zuciya ce da ta samo asali daga tarbiyyar gida. Likitan ƙwaƙwalwa Arthur Shapiro da matarsa Elaine, a birnin New York, suna cikin waɗanda suka rusa wannan ra'ayi tun daga ƙarshen shekarun 1960, da suka nuna cewa maganin haloperidol yana rage fizgar. A 1972 iyaye da marasa lafiya suka kafa ƙungiyar masu Turet ta Amurka. Saboda wannan aiki na shekara ashirin ne uwar Howard ta shiga ɗakin likita wajen 1990 ta fito da sunan cuta a maimakon laifi.

Akwai abubuwa uku game da fizgar Turet da ke sa a zalunci yaro, kuma dukkansu sun bayyana a wannan lamari. Na farko, yaro yana iya danne ta na ɗan lokaci. Ba kamar farfaɗiya ba ce da ke kayar da mutum bai sani ba. Ta fi kama da atishawa ko ƙaiƙayi, ana jin zuwanta, ana iya riƙewa, amma riƙewar azaba ce kuma ba ta daɗewa. Yaro yakan danne a aji ko a gaban baƙi, ya dawo gida ya sake, sai babba ya ce, "Ai ɗazu a gaban malam bai yi ba, da gangan yake yi." Na biyu, tsawa da sa ido suna ƙara ta, haka gajiya da fargaba da ɗoki. Malamin da ke cewa Howard ya daina gyaran murya, ƙara masa yake yi bai sani ba. Na uku, tana hawa tana sauka da kanta, mako-mako ko wata-wata, kuma tana sauya kama. A nan ne iyaye ke ruɗuwa. Ba a neman magani sai abu ya kai ƙololuwa, daga ƙololuwa kuma sauka ake yi, don haka duk abin da aka ba yaro a wannan makon, ƙwaya ce ko jiƙo ko hayaƙi, shi zai kwashe yabo. Bayan wata uku abin ya dawo da sabuwar fuska, sai a ce an sake yi masa wani aikin. A wurinmu, inda yaro mai juya ido da gurnani za a fara zargin iska ko sammu, ko a ce rashin kwaɓa ne a ɗauko bulala, wannan hawa da sauka yana iya cinye dukiyar gida kafin a je asibiti.

Sai kuma batun ashar. Mutane da yawa, idan ma sun taɓa jin sunan Turet, abin da suka sani shi ne cutar da ke sa mutum zage-zage ba da son ransa ba. Akwai wannan alama, amma kusan mutum ɗaya cikin goma na masu lalurar ne ke da ita. Howard ba ya cikinsu. Wannan bai hana jaridun Ingila laƙaba masa ita ba, kamar yadda za mu gani.

Waswasin da ke neman "daidai"

Mai karatu Bahaushe ba baƙo ba ne ga waswasi. Kowa ya san mutumin da zai yi alwala sau biyar yana shakkar ko ruwa ya taɓa gwiwar hannunsa, ko wanda zai yi ta maimaita kabbarar harama har liman ya yi ruku'u. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin irin wannan mutum, kuma hukuncin da suka ba wanda shakka ta zame wa jiki shi ne ya yi watsi da ita ya ci gaba. OCD ita ce wannan hali idan ya kai ga cinye lokacin mutum, sa'a guda ko fiye a yini, ko ya hana shi gudanar da rayuwarsa. Tunani ne ke kutsowa, ya tayar da hankali, sai a yi wani aiki don a samu sauƙi. Sauƙin ba ya daɗewa, kuma kowane maimaici yana ƙara wa tunanin ƙarfi.

Turet da OCD 'yan ɗaki ɗaya ne. Hanyoyin ƙwaƙwalwar da suke shafa maƙwabtan juna ne, sukan gudana a dangi guda, kuma tsakanin kashi ɗaya bisa uku zuwa rabin masu Turet suna da alamun waswasi. Amma waswasin da ke tafe da fizga yana da nasa launi. Bai cika zuwa da tsoron ƙazanta da yawan wanke hannu ba. Ya fi zuwa da taɓawa, ƙirgawa, jerawa, da neman abu ya zauna "daidai": idan hannun dama ya taɓa, sai hagu ma ya taɓa. Yakan fara da wuri kuma ya fi kama yara maza. Zagayen da Howard ke yi a gida da duwatsun jakarsa sun dace da wannan siffa sarai. Tun 2013 littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ke dogaro da shi wajen tantance cututtuka ya ware wa wannan nau'i alama ta musamman.

Ga iyaye, bambanta biyun yana da amfani ƙwarai, domin abin da ake so su yi a kan kowanne ya saɓa wa ɗayan. Fizga ana so a kau da kai daga gare ta: kada a yi tsawa, kada a yi ta tambaya, kada a kwaikwaya. Shirun da uwar Howard ta yi, ko da dabara ta yi shi ko da ruɗewa, shi ne abin da likita zai ba da shawara. Waswasi kuwa idan aka bi shi yana ƙara faɗi. Gida yakan shiga hidimarsa ba tare da an lura ba: a jira yaro ya gama zagayensa kafin a ci abinci, a amsa masa tambaya ɗaya sau goma don hankalinsa ya kwanta, a buɗe masa ƙofa don kada ya taɓa, ƙanne su koyi inda ba a ajiye takalmi. Duk tausayi ne ke kawo shi, kuma bincike ya nuna cewa mafi yawan iyalan yara masu OCD suna yin hakan, kuma inda ya yi yawa alamun sun fi tsanani, magani kuma ya fi wuyar kamawa. Har akwai wani tsari da Eli Lebowitz ya ɓullo da shi a jami'ar Yale wanda iyaye kaɗai ake horarwa, yaron ba ya ma zuwa, a koya musu yadda za su janye hannu a hankali daga hidimar waswasin ba tare da sun janye ƙauna ba. A ganina wannan ne wuri mafi wuya a rayuwar irin wannan gida, a ce wa uwa ta yi kamar ba ta ga ƙiftawar ido ba, sannan ta ƙi amsa tambaya ta goma sha ɗaya alhali ɗanta yana kuka.

Maganin da ba a sha ba

Howard bai bi hanyar shan magani ba. Ya bayyana cewa yana tsoron ƙwayoyin su kashe masa jiki su rage masa zafin nama. Idan aka duba abin da ke hannun likitoci a lokacin, tsoron yana da tushe. Manyan magungunan fizga su ne haloperidol da pimozide, waɗanda suna aiki amma sukan kawo barci, nauyin jiki, sanƙarewar gaɓoɓi, wani lokaci da wasu motse-motsen na daban da ba sa barin mutum. Akwai clonidine mai sauƙi-sauƙi, shi ma yana sa gyangyaɗi. Ta ɓangaren waswasi kuwa, sai a ƙarshen 1989 aka amince da clomipramine a Amurka. Likita ya ɗauki lalurar yaron a matsayin mai sauƙi, don haka barin magani bai zama ganganci ba.

Kada wani ya ɗauki wannan a matsayin fatawa. Akwai yaran da fizgar wuya ke ji musu ciwo, akwai masu dukan kansu, akwai waɗanda waswasi ya hana fita daga banɗaki har makaranta ta gagara. Irin waɗannan suna bukatar magani, kuma zaɓin ya ƙaru: akwai guanfacine, akwai aripiprazole da aka amince da shi don Turet a 2014, akwai su sertraline da fluoxetine don waswasi.

Abin da ya fi sauyawa tun zamanin yarintar Howard shi ne maganin da ba na haɗiya ba. Tun 1973 Azrin da Nunn suka fito da dabarar juya ɗabi'a: a koya wa mutum ya gane jin da ke gabatar fizga, da ya ji shi sai ya yi wani motsi da ba zai yiwu a haɗa shi da fizgar ba, ya riƙe har jin ya lafa. Mai gyaran murya, misali, sai ya ja numfashi a hankali ta hanci. An daɗe ba a ɗauki dabarar da muhimmanci ba, sai a 2010 da aka wallafa sakamakon gwaji a kan yara 126: kashi 52.5 cikin 100 na waɗanda aka yi wa zama takwas cikin mako goma sun samu sauƙi a bayyane, a rukunin da ba a koya wa dabarar ba kuwa kashi 18.5 ne. Waswasi shi ma yana da tasa dabarar, wadda Victor Meyer ya fara a Landan a 1966: a fuskanci abin da ke tayar da hankali a ƙi yin aikin da yake nema. Da za a yi wa Howard, da an sa shi ya wuce dutsen, ya tsaya da tashin hankalin a ƙirjinsa har ya sauka da kansa, yau da gobe har ƙwaƙwalwa ta yarda babu abin da zai faru. Duk wanda ya san hukuncin malamai a kan mai yawan shakka zai ga kamannin.

Dala 25

Likitan da ya duba shi ya gaya wa uwar wata magana da Howard ya riƙe har girma: cewa a shekarun da ya yi yana duba irin waɗannan yara, ya lura duk wahalar da suke sha tana da ɗaya fuskar, wata baiwa da ke tafe da ita. Howard ya ce ya ga tasa a fili. Idan ƙwallo tana can nesa, kansa na ba shi umarni kamar kullum: taɓa ƙasa, taɓa turken raga, gyara safar hannu, yi tari. Da ƙwallo ta doso shi sai komai ya ɗauke, jikinsa ya koma yi masa biyayya.

Lafawar fizga lokacin da hankali ya tattaru a kan aiki sananniyar aba ce. Likita Oliver Sacks ya ba da labarin wani likitan tiyata a Kanada mai Turet wanda hannunsa ba ya ko rawa idan ya kama wuƙa. Amma ina da ja a kan yadda ake sayar da labarin Howard, kamar lalurar ce ta mai da shi gola. Mutum ne mai tsawon mita 1.91, wanda ya yi fice har a ƙwallon kwando a sakandare, ya kuma shafe shekaru yana atisaye. Yawancin yara masu Turet ba su da wata ɓoyayyar baiwa da ta wuce ta sauran yara. Da yawansu ma fama suke da rashin natsuwa a aji da wahalar rubutu. Idan aka gaya wa uba cewa kowane mai Turet gwani ne a wani abu, ranar da ya gane nasa ɗan yaro ne kawai kamar kowa, an ƙara masa wani baƙin cikin a banza.

Abin da na fi gani a maganar likitan shi ne amfanin da ta yi wa uwar. Ta hana ta kallon ɗanta a matsayin majinyaci da za a killace. Iyaye da yawa, don gudun dariyar mutane, sukan rage wa yaro fita: ba biki, ba filin wasa, wani lokaci har makaranta. Ita kuwa sai ta ƙara tura shi cikin mutane. A 1991 ta biya dala 25 aka yi masa zaman horo guda ɗaya a wurin Tim Mulqueen, mai horar da masu tsaron raga wanda a lokacin yake aiki da jami'ar Rutgers. Kuɗin zama na biyu ba ta da shi. Mulqueen ya ga abin da ya gani a jikin yaron, ya ce a ci gaba da kawo shi kyauta. Kawowar kuwa ita ce aikin: uwa ɗaya, bayan ta tashi daga aiki, ta ja mota zuwa atisaye da wasanni, shekara da shekaru.

Daga ɓoyo zuwa shafin farko

Sanin sunan lalura bai sa yaron ya fara faɗa wa mutane ba. Ya yi shekarun samartakarsa yana dannewa yana ɓoyewa gwargwadon iko. Ya fara wasan ƙwararru a 1997, ya koma ƙungiyar MetroStars ta babbar gasar Amurka a 1998, kuma sai a 2001, yana ɗan shekara 22, lokacin da ya zama gola na ɗaya kuma kyamara ta fara tsayawa a fuskarsa, ya fito ya bayyana. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakanin ɗakin likita da wannan rana, a gidan da aka karɓe shi hannu bibbiyu. A shekarar ce aka zaɓe shi gwarzon gola na gasar Amurka, aka kuma ba shi lambar yabo ta jin ƙai saboda aikinsa da yara masu Turet.

A 2003 Alex Ferguson, kocin Manchester United na lokacin, ya saye shi don ya maye gurbin Fabien Barthez. Tun kafin ya sauka Ingila wasu jaridu suka buga cewa United na neman naƙasasshen gola, wasu suka ce mai ciwon ƙwaƙwalwa, wasu suka laƙaba masa zagin da bai taɓa yi ba. 'Yan kallo ma suka shirya waƙa a kan haka. Ya amsa musu a watan Agusta, da ya tare fenariti biyu a karawar Community Shield da Arsenal. Kakar ta ƙare da kofin FA a hannunsa da sunansa a jerin gwarazan 'yan wasan shekara. Amma a tsakiyarta, a watan Maris na 2004, ya amayar da wata ƙwallo a minti na ƙarshe Costinha na Porto ya zura, United ta fita daga gasar zakarun Turai, Mourinho, kocin Porto na lokacin, ya yi gudunsa na murna a bakin fili. Daga nan tauraruwarsa ta dusashe a Old Trafford. Ya sha faɗin cewa matsin lamba da fargabar gab da wasa suna tayar masa da fizga, abin da kowace uwar mai Turet ta sani daga makon jarrabawa.

Everton ce ta zama gidansa. David Moyes ya karɓe shi aro a 2006, ya zauna har 2016, ya buga wasa sama da 400. Ya tsare wa Amurka raga sau 121. Ranar 1 ga Yuli, 2014, a birnin Salvador na Burazil, ya tare wa Beljiyam ƙwallo 16 a ƙirgar farko, daga baya FIFA ta gyara zuwa 15, adadin da ya kafa tarihi a gasar cin kofin duniya, duk da cewa an ci su 2 da 1. Yana da shekara 35 a ranar, kuma fizgar ba ta bar shi ba. Har yanzu mai lura zai gan ta idan yana sharhin wasa a talabijin.

Yaran da suka zo bayansa sun tarar da makaranta daban da wadda ya sani. A 2006 dokokin ilimi na tarayyar Amurka suka ambaci Turet da sunanta a cikin lalurorin lafiya da ke ba ɗalibi haƙƙin tallafi na musamman, abin da ya rage wa malamai damar ɗaukarta a matsayin rashin ɗa'a. A 2014 kuma cibiyar masu Turet ta jihar New Jersey ta buɗe wani shiri da sunan Howard, inda ake tara matasa masu lalurar na kwana huɗu, su kwana tare, su saurari likitoci da manyan da suka riga su shan wannan ruwa, su koyi yadda za su yi wa malami ko mai ɗaukar aiki bayanin abin da ke damunsu da bakinsu. A harabar jami'ar Rutgers ake yin shirin, inda Mulqueen ke aiki lokacin da uwar Howard ta zo masa da dala 25, tafiyar 'yan mintoci a mota daga North Brunswick.